Katin Abincin Surukina

Ni ɗan dako ne. Na yi dakon albasa a Aliero shekaru masu yawa, daga baya na koma wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin hanya, a wajen garin Jega. A can wannan abu ya faru. Ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana. Zan faɗe shi yadda ya zo.

Matata ɗiyar Fulanin zaune ce daga wajen Andarai. A kasuwar Maiyama na fara ganin ta tana tallar nono. Mun yi shekara shida tare, ta rasu wurin haihuwa, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba. Mutanen garinmu Alelu suka ce mini surukuta ta ƙare tunda babu ɗa a tsakani. Ubanta bai daina zama surukina ba don an rufe ta da ƙasa.

Bayan rasuwarta da shekara biyu ɓarayi suka kore masa shanu, ba su bar ko maraƙi ba. Ɗansa namiji guda da ya rage ya bi shanun wani zuwa kudu, tun ana jin labarinsa har aka daina. Na je Andarai na iske tsohon zaune a bakin bukka. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ban ce masa ya biyo ni ba, ba a faɗa wa suruki haka. Na samu maƙwabcinsa na ce ya gaya masa kamfaninmu na neman mai ɗinkin buhu, kuma an ji hannunsa na da kyau a kan igiya. Bayan mako guda ya zo Jega da tabarmarsa da butarsa da sandarsa.

Na kama masa ɗaki a wata unguwa, ba tamu ba. Matar mai gidan ke ba shi koko da safe, ta ba shi tuwo bayan magariba. Ni ke sallamar ta. Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda mutum yake da uban matarsa. Baba nake ce masa. Shi kuma Malam yake ce mini, ko da yake karatuna bai kai nan ba. Ba ma haɗa ido. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Babban abin shi ne ci. Ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. Da matata na da rai ita ce a tsakani. Ita ke kai masa ƙwarya, ita ke kawo mini saƙonsa. Da ta tafi babu mai ɗaukar magana daga bakina zuwa kunnensa. Ga shi Bafulatani, fulako ya hau kan kunyar surukuta. Ko a gaban baƙo ba ya son tauna abu, balle a gabana.

A watansa na uku a kamfani ya fara rama, yana yawan shan ruwa. Na kai shi asibiti a cikin Jega, na tsaya a waje. Malamar asibitin ta leƙo ta tambayi wanda ya kawo tsohon nan, ta sa na shiga dole. Ta ce ciwon suga ne. Ta ba da ƙwayoyi ta ce ya sha kowace safiya, amma da sharaɗi: mai shan wannan magani ba ya tsallake abincin rana. In ya sha bai ci ba zai iya faɗuwa, kuma ba kowa ke tashi daga irin faɗuwar ba. Ta maimaita tana kallona. Shi yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa. Duk mun ji.

A lokacin abin bai da wuya. Da azahar mata ke jeruwa a bakin ƙofar kamfani da tukwanensu, mai shinkafa da wake, mai tuwo da miyar kuka, mai dambu, da masu fura. Kowa ya miƙa kuɗinsa ya karɓi kwano ya nemi inuwar da ta yi masa. Ni ina ci a gindin tirela, ta gabas. Shi yana ɗaukar kwanonsa ya zaga bayan tulin ɓuntun shinkafa, ta yamma, inda ba mai zuwa sai awaki. Ba mu taɓa shirya hakan ba. A cikin matan akwai wata dattijuwa mai tuwo, 'yar cikin gari, Inna muke ce mata duka. Tun makon farko ta gane mu. In ta ga na nufo ta alhali yana tsaye a gabanta, sai ta ɗaga mini ludayi, in juya in yi kamar na manta wani abu.

Mutum ɗaya ke iya gaya wa tsohon kome, wani direban tirela, Babarbare. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, kowa na cewa ɗaya bawansa ne. Direban yakan tsaya a rumfar ɗinki ya ce bawansa ya tashi ya wanke masa mota. Tsohon ba ya ko ɗaga kai daga basillar da yake ɗinki da ita, sai ya ce a riƙe masa Babarbaren nan ya ɗinke masa zanen fuska, iska na shiga ta ciki, shi ya sa kansa ba daidai ba. A nan kaɗai nake jin dariyarsa, daga nesa.

Sai shekarar da takardar kuɗi ta yi wuya a hannun mutane. Aka kawo mana sabon manaja, ya tara mu a fili. Ya ce daga farkon wata babu sauran talla a bakin ƙofa. Ya ce ƙazanta, ya ce ma'aikata na fita ba su dawowa kan lokaci, ya ce shinkafa na fita a cikin kwanuka da kuloli. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, na sha gani. An gina zauren cin abinci da tebura da benci da fanka, an ba wani ɗan kwangila girki. Kowa za a ba shi kati. Duk wata za a zuba kuɗin abinci a cikin katin, rabi daga albashinmu, rabi daga kamfani. Ba a karɓar tsabar kuɗi. Ya ce haka ake yi a manyan otal da ma'aikatu na birni. Mutane suka yi tafi. Ni ma na ji daɗi, don a lokacin samun canjin kwano guda aiki ne.

Aka ɗauki hoton kowa. Tsohon bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ya fito a katin ido a zare. Direban ya karɓa ya zaga da shi cikin 'yan dako yana cewa ga ɓarawon akuyar da ake nema. Tsohon ya ce gara shi, na Babarbare na'ura ta ƙi ɗauka sau uku, ta ɗauka an miƙo mata gonar da aka yi wa huɗa. Ya karɓi katinsa ya sa a aljihun gaba, tare da carbinsa.

Ga yadda tsarin yake. Zauren ƙofa ɗaya gare shi, tana kallon filin da muke lodi. Ana buɗe shi ƙarfe ɗaya, a rufe ƙarfe biyu. A bi layi. A bakin ƙofa akwai akawu da na'ura a kan tebur. Ka ɗora katinka, ta yi ƙara, ta nuna fuskarka, ta kawo koren haske, ka wuce a zuba maka. A ciki za ka ci, faranti ba ya fita. Babbar ƙofar kamfani a rufe take daga safe har tashi, wanda ya fita da rana ya rasa ladan yinin. Kwano ko kula daga gida ba su shiga. Matan bakin ƙofa aka sallame su, sai Inna kaɗai ɗan kwangilar ya ɗauka tana zuba abinci.

Ranar farko ina cikin layi na hango tsohon ya taso daga rumfa, hannunsa a kan aljihu. Ya zo rabin fili ya gan ni. Bai tsaya ba, ya karkata ya nufi famfo kamar alwala ya fito yi. Mun riga mun yi azahar a lokacin. Na ci abincin, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari ban shiga ba. Na sayo dafaffen rogo da ƙuli tun da safe na cusa a aljihun wando, ƙarfe ɗaya na yi na zauna a gindin tirela na ba zauren baya. Na bar masa wurin. Kwana tara ina haka. Ban juya na duba ko ya shiga ba, don tsayawa kallon ko surukinka ya tafi cin abinci shi ma rashin kunya ne. Na ɗauka yana ci.

A rana ta tara Inna ta same ni wajen famfo. Ta ce me ke damunmu ni da tsohona, ni ba ta gan ni ba, shi ba ta gan shi ba, ko azumi muka ɗauka ba a gaya mata ba. Na ce bai shiga ba? Ta ce ko sau ɗaya. Ta ce kuma kullum da safe tana ganin shi yana haɗiyar ƙwayarsa da ruwan buta.

Na je wurin akawun bayan an watse. Mutum ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce ko za a bar faranti ɗaya ya fita zuwa rumfar ɗinki, ni zan dawo da shi a wanke. Ya ce doka ce, in ya bar ɗaya gobe arba'in za su fita. Na ce to wani ya ɗora katin tsohon a zuba a leda. Ya ce na'ura na nuna fuskar mai kati, in wani ya ɗora a wuyansa laifin zai rataya. Na ce a bar shi ya zo bayan kowa ya fita. Ya ce ƙarfe biyu na cika na'ura ke rufe kanta, ba shi ke rufe ta ba, daga birni aka saita ta. Sannan ya tambaya ko ƙafa ce ke hana tsohon zuwa. Na ce surukina ne. Ya jira in ƙara. Ban ƙara ba. Ya yi murmushi ya ce shi ma yana da suruki, kuma ranar Sallah faranti ɗaya suke sa hannu, zamani ya wuce nan.

"Ka tahi ka ce mishi ya zo ya ci. Magana guda ce."

Magana guda ce ga mai iya faɗin ta. Ni ban taɓa furta kalmar abinci a gabansa ba.

Na samu direban na gaya masa kome, har da abin da malamar asibiti ta ce. Ya daina dariya. Ya ce in bar shi da bawansa. Na tsaya a bayan tarin buhuna inda nake jin su.

"Kai bawana, ubangidanka ya ba da umarni. Tashi ka tahi ka ci tuwo, ko in ɗaura maka igiya in ja ka kamar maraƙi."

"Mu ba mu jeruwa don ciki. Wanga sai Barebari da jakai."

Direban ya ci gaba da ja, ya ce kuɗinsa ne ake yanka ana zubawa a katin, ya ce likita ta yi magana, ya ce shi da kansa zai tsaya a gabansa ya kare shi da babbar riga har ya gama. Tsohon ya ce ya ƙoshi da kokon safe. Ya ci gaba da jan igiyarsa. Can ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ce ma Malam ya shiga ya ci. Shi ke ɗaukar kaya, ni zaune nake wuni. Kwana tara ina ganin shi gindin mota da rogo."

Ashe shi yana kallona. Ni ne ban kalle shi ba.

Da direban ya zo ya ce mini ko na bar kamfanin gaba ɗaya da rana tsohon ba zai shiga ba. Layin a fili yake, ƙofar na kallon inda nake aiki, ciki kuma mutum arba'in ne kowa na kallon bakin wani. Ya ce zamana da yunwa ba ya ƙara masa kome sai nauyi. Washegari na shiga. Na ɗora katina, ta kawo koren haske, na ci. Yunwa nake ji, buhun shinkafa ba ya ɗaukuwa da rogo.

Inna ce ta fara nemo hanya. Takan ƙulle malmalar tuwo da ɗan miya a leda ta sa a ƙarƙashin mayafi, in za ta je alwalar la'asar ta ajiye a kan buhu a bakin rumfa ta wuce ba ta ce kome ba. Ta yi haka kamar mako biyu. Sai ɗan kwangilar ya lura abin da aka tuƙa da abin da na'ura ta nuna ba su zuwa daidai, kullum malmala ɗaya ta ɓata. Ya ja mata kunne a gaban mutane. Jikoki marayu take riƙo. Ta ce mini ba za ta iya ba kuma, ta faɗa tana kallon gefe. Na ce ban ga laifinta ba.

Na gwada cin rabin nawa in naɗe rabi a leda in ba direban ya kai masa a matsayin nasa. In direban ne ya miƙa da zagi, yakan karɓa. Amma direba mutumin hanya ne, kwana biyu yana nan, kwana biyar yana kudu. Ni kuma ba zan iya ajiye wa surukina ragowar farantina da hannuna ba.

Sai na lura masu gadi ba su hana gorar roba shiga, tunda ana ganin abin da ke ciki. Kullum da safe na riƙa tsayawa a mararraba wurin mata masu fura, a dama mini da nono, babu suga, in shiga kafin ya iso in rataye a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfarsa. Da yamma in an tashi in iske gorar a wanke a ƙusar. Wata rana ta ƙare, wata rana rabi, don zafin rana kan sa ta yi tsami kafin azahar. Na san fura a gora ba ita malamar asibiti take nufi ba. Na ce wa kaina ta isa. Wata biyu muna haka, yana ƙara rama, yana ɗinkinsa.

Na yi tunanin in cire shi daga aikin. Amma aikin nan shi ne abin da ya rage masa. Da shi yake sayen goronsa da sabulunsa, yake jefa wani abu a asusun masallaci ranar Juma'a. In na zaunar da shi a ɗaki, ya zama mutumin da surukinsa ke ciyarwa a fili. Da ya koma Andarai a ƙafa.

Kaka ta zo. Motocin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, suka fara shigowa daga wajen Maiyama da Gumbin Kure tun gari bai gama wayewa ba. Aka ce 'yan dako mu riƙa zuwa daga sallar asuba. A wannan lokaci masu fura ba su fito ba. Ranar farko na wuce mararraba babu kowa, na ce gobe zan san yadda zan yi. Na ba wani mai gadi kuɗi ya saya in sun fito, ya ce ba ya barin ƙofa. Direban na kudu. Rana ta biyu na yi niyyar in roƙi matar mai gidansa ta dama kunu tun da wuri, na tashi aiki a gajiye na wuce ɗakina na kwanta. Ban je ba. Wannan laifin nawa ne, ba na na'ura ba.

Rana ta uku ina cikin zaure, shinkafa da miya aka yi, na kai rabin faranti. Direban ya dawo daga tafiya a wannan azahar, ya nufi rumfa don ya tsokani bawansa. Sai na gan shi ya shigo zauren bai ɗora kati ba, akawun na kiran shi bai juya ba. Ya tsaya a kaina.

"Malam, taso."

Bai taɓa kira na babu wasa a ciki ba sai ranar. Na tashi da miya a hannu.

Tsohon na kwance a gefensa a kan buhunan da ya ɗinke, basilla a hannunsa da igiya a jikinta. Gumi ya jiƙa masa riga. Sauran masu ɗinkin duk suna zaure, ba wanda ya san tun yaushe ya faɗi. Na ɗauke shi. Bai kai nauyin rabin buhu ba. Manajan ya ba da motar kamfani nan take, wannan ma zan faɗa.

A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa. Wata malama ta tambaye ni yaushe rabonsa da abinci. Na ce koko da safe. Ta ce da rana fa, jiya da shekaranjiya? Na ce ban sani ba. Ta dube ni ta ci gaba da rubutu. Ya farka washegari da hantsi, amma hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, harshensa ya yi nauyi, na hagun kuma rawa yake.

A ɗakin maza kowane majinyaci da mai jinyarsa. Matar mai gidansa ta aiko da kunu, ba za ta iya zama cikin maza ba. Inna na wurin aiki. Direban ya yi kwana ɗaya da mu, aka ba shi lodi ya tafi. Saura ni. Na zuba kunun a kofi na ajiye a kan durowar gefen gado na fita baranda. Na daɗe. Da na dawo kofin na nan yadda na bar shi, ya yi sanyi, an ɗan zubar a kan zanen gado inda ya gwada ɗauka. Malamar ta zo ta gani. Na ce surukina ne. Ta ce ita ba ta tambaye ni dangantaka ba, in ba wanda zai ba shi a baki za su zura masa roba ta hanci. Ta faɗa da ƙarfi don ya ji.

Na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen gadon. Na ɗebi kunun a cokali.

"Baba, ka yi haƙuri."

Idonsa a rufe. Sannan ya motsa baki da ƙyar.

"Juya fuskarka, Malam."

Na juya fuskata wajen ƙofa, na miƙa cokalin ta baya ina lalube. Na farko a wuyansa ya zube. Na ɗebo na biyu. Sai na ji hannunsa na hagu ya kama mini wuyan hannu, yana rawa, ya ja shi zuwa bakinsa. Tunda na auri ɗiyarsa jikinsa bai taɓa taɓa nawa ba sai ranar da na ɗauke shi a sume, da wannan. Na ji cokalin ya taɓa haƙori, na ji ya haɗiye. Mutumin gadon kusa ya fara dariya, ɗansa ya taɓa shi, ya yi shiru.

Kwana shida muna haka, sau uku a yini. Ina kallon ƙofa, yana jan hannuna. Zuwa rana ta uku na daina zubarwa. Masu jinya suka saba, in lokacin ya yi sai su ma su juya su kama wata hira. Ban ga bakinsa ko sau ɗaya ba.

A rana ta biyar bayan ya gama bai saki hannuna da wuri ba. Ya tambaye ni ko na ci. Na ce na ci. Ya ce madalla. Na ɗauka shi ke nan, sai ya ƙara.

"Ɗiyata ba ta taɓa kawo mini ƙararka ba."

Na ɗauki kofin na fita wanke shi.

Rana ta bakwai ya ƙi karɓar cokali. Ya rasu bayan la'asar. Na aika Andarai, mutum huɗu suka zo, muka rufe shi a Jega. Direban bai samu jana'iza ba. Da ya dawo ya je rumfar ɗinki ya zauna a kan buhu har aka tashi.

Cikin rigar tsohon na samu katin. Na kai ofis. Akawun ya yi mini gaisuwa da kyau, ya ɗora katin a kan na'ura, fuskar ta fito. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce tun da aka buɗe shi ba a taɓa cin ko faranti ɗaya a kansa ba, duk abin da aka zuba yana nan. Na ce ba kuɗi na zo nema ba. Na ce a zuba abincin da bai ci ba a rana ɗaya, a fitar bakin ƙofa a ba mabukata, ya zama sadakarsa. Ya ce abin da ke kan kati mai katin kaɗai ke iya ci, ba ya komawa tsaba, ba ya komawa kan wani katin. Amma ya ce zai rubuta wa na sama ya tambaya. Na yarda ya rubuta. Na koma sau biyu, ya ce ba su amsa ba. Ban ƙara komawa ba.

Na sayi gero da kuɗin dakona. Inna ta karɓa ta ce ba za ta amshi ladan aiki ba. Ranar Juma'a da ba ta zuwa kamfani ta yi gumba da masa a gidanta, muka kai ƙofar masallacin unguwarsa aka raba. Mutanen da suka karɓa da yawansu ba su san shi ba, suka tambayi wane ne ya rasu. Na ce mai ɗinkin buhu ne, surukina. Suka yi masa addu'a.